ZAƁEN TAYA MAI ARAHA DA AMINCI GA MOTAR JIF

Darasi domin masu motoci da direbobi na Yankin Birnin Tarayya, Abuja

GABATARWA

Duk girman mota da nauyinta, ba ta taɓa ƙasa sai a wurare huɗu, kowannensu kuwa bai fi tafin hannun babban mutum da wani abin kirki ba. A kan waɗannan wurare huɗu inji yake zuba ƙarfinsa, a kansu birki yake kamawa, da su kuma sitiyari yake juya mota. In taya ta gaza, ƙarfin inji da kyan fenti ba su da abin da za su tsinana wa mutanen da ke ciki.

Manyan motocin nan masu tudu da ake kira jif sun yawaita a Abuja, a hannun ma'aikatun gwamnati da 'yan kasuwa da manoma. Tayarsu kuwa tana da tsada. A dā akwai manyan masana'antun taya guda biyu a Nijeriya, watau Dunlop a Ikeja da Michelin a Fatakwal, waɗanda suka fara aiki tun farkon shekarun 1960. Michelin ta rufe tata a 2007, Dunlop kuma ta daina ƙira a 2008. Tun daga lokacin, kusan dukan tayar da motocin ƙasar nan ke takawa daga ƙasashen waje ake shigo da ita, kuɗinta kuma yana bin tashin kuɗin musaya.

Saboda haka mai mota yakan shiga kasuwa da tambaya ɗaya a bakinsa: wace ce ta fi araha? Amma akwai tambayoyi uku da suka riga wannan. Wace irin hanya motar take bi? Domin wane yanayi aka yi tayar? Yaushe kuma aka yi ta? Wanda ya sami amsar waɗannan uku shi ne zai iya gane araha ta gaskiya, ya rabe ta da arahar da kan kai mutum asibiti.

YANAYI DA HANYOYIN YANKIN

An kafa Yankin Birnin Tarayya a 1976, gwamnati kuma ta ƙaura daga Ikko zuwa Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991. Yankin ya ƙunshi ƙananan hukumomi shida: ta cikin birni, da Bwari, da Gwagwalada, da Kuje, da Kwali, da Abaji. Tsakanin shimfiɗaɗɗun titunan Maitama da hanyoyin gonakin bayan Kwali akwai bambanci mai yawa, ko da yake sau da yawa mota ɗaya ce ke bin su duka a rana guda.

Abokan gābar taya a wannan yanki uku ne. Na farko zafi. A watannin Fabrairu da Maris da farkon Afrilu zafin rana yakan haura digiri 35, tun ba a wurare masu kwari irin su Gwagwalada da Abaji ba, kwalta kuwa ta fi iska ɗaukar zafi nesa ba kusa ba. Na biyu ruwa. Damina takan fara a Afrilu ta kai Oktoba, ruwan da ke sauka a shekara kuma yakan kama daga milimita 1,100 zuwa 1,600, gwargwadon sashen yankin. Ruwan farko ya fi haɗari, domin yakan tarar da ƙura da baƙin mai da suka taru a kan titi duk tsawon rani, ya dama su, titi ya yi santsi kamar an shafa sabulu. Na uku kuwa ramuka da tsakuwa da taɓo, waɗanda ke jiran mota da zarar ta sauka daga kwalta.

Abin da babu shi a yankin, ba kuma a taɓa yinsa ba, shi ne dusar ƙanƙara. Wannan magana tana da muhimmanci, za a kuma ga dalili nan gaba.

IRE-IREN TAYAR JIF

Tayoyin da ake sa wa jif iri uku ne manya, ana kuwa gane su da zanensu da kuma haruffan da ke jikinsu.

Ta farko ita ce tayar kwalta, wadda galibi ke ɗauke da haruffan H/T. Zanenta ƙanana ne a haɗe, da magudanai dogaye masu kewaye ta domin korar ruwa. Ba ta da ƙara, ba ta sa mota shan mai da yawa, ta kuma fi sauran kama birki a kan jiƙaƙƙen titi. Yawancinta irin wadda Amurkawa ke kira tayar kowane lokaci ce, watau wadda aka yi domin a yi shekara da ita ba a sauya ba. Kamfanin Goodyear ne ya fito da wannan iri a kasuwa a 1977. Rauninta shi ne taɓo, domin zanenta kan cika nan da nan, ta yi ta juyawa a wuri ɗaya.

Ta biyu ita ce tayar kowace hanya, mai haruffan A/T. Haƙoranta sun fi girma, akwai fili tsakaninsu, gefenta kuma ya fi kauri, saboda haka ta fi jure tsakuwa da kututture da bakin rami. Kamfanin BFGoodrich ya shahara da ita tun 1976. Ta fi ta kwalta nauyi da tsada, tana da 'yar ƙara, mota kuma takan ƙara shan mai kaɗan.

Ta uku ita ce tayar taɓo, mai haruffan M/T. Haƙoranta manya ne ƙwarai, a warwatse, domin su yi ta watsar da laka. A cikin fadama ba ta da na biyu. A kan kwalta kuwa tana da ƙugi, tana saurin cinyewa, kuma a cikin ukun ita ce mafi raunin kama jiƙaƙƙen titi, domin robar da ke taɓa ƙasa kaɗan ce. Mutane da yawa sukan saye ta don ƙawa, alhali motarsu ba ta taɓa sauka daga titi ba.

Hanyar zaɓe mai sauƙi ce. Mai mota ya zauna ya ƙiyasta tafiyarsa ta wata guda, ya raba ta kashi goma. Ma'aikacin da ke kwana a Kubwa yana aiki a Sakatariyar Tarayya, yana zuwa Kaduna ko Lakwaja lokaci lokaci, kashi tara ko goma na tafiyarsa a kan kwalta ne. Tayar kwalta ita ce tasa, sayen wata kuwa ɓarnar kuɗi ne. Wanda yake da gona a bayan Kuje ko Bwari, yana zuwa kowane mako rani da damina, ko malamin gona da ma'aikacin lafiya masu zaga ƙauyuka, waɗannan tayar kowace hanya ta dace da su. Tayar taɓo sai motar da aikinta ke cikin daji, kamar ta masu haƙar rijiyoyi da masu auna ƙasa.

Akwai wani kuskure da ya kamata a gyara a nan. Wasu suna tsammani tun da jif tana ja da ƙafa huɗu, to, kowace taya ma ta ishe ta. Ja da ƙafa huɗu yana taimakon mota ta tashi, ta hau tudu, ta fita daga laka. Ba ya ƙara mata kome wajen tsayawa. Birki a kan taya yake dogara, jif kuwa da yake ta fi ƙaramar mota nauyi da tsawo, ta fi ta bukatar taya mai kyau, domin in taya ta fashe ana cikin gudu ta fi saurin kifewa.

TAYAR ƘASASHEN ƘANƘARA

Akwai iri na huɗu wanda ba a yi shi domin Nijeriya ba, amma yana shigowa cikin gwanjo, watau tayar hunturun Turai. A ƙasar Finlan aka fara yin ta a 1934. Dalilin yin ta shi ne, robar taya takan sandare in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, ta kasa kama hanya. Sai aka haɗa wata roba mai taushi wadda ba ta sandarewa, aka kuma yi wa kowane haƙori 'yan tsaga-tsaga sirara masu yawa domin su ciji ƙanƙara. Wasu har da ƙusoshi ake dasa musu.

A ƙasarta wannan taya ceton rai ce. Lardin Kwibek na Kanada ya wajabta ta tun 2008, Jamus ma ta hana tuƙi a kan ƙanƙara ba tare da ita ba. Amma abin da ya sa ta yi kyau can shi ne ya sa ta zama haɗari a nan. Robar da aka yi domin sanyi in ta hau kwaltar Giri da tsakar rana a watan Maris sai ta ƙara laushi, mota ta riƙa yin lilo a kwana, birki ya ƙara nisa, zane kuma ya cinye cikin ɗan lokaci.

Abin da ke yaudarar mai saye shi ne, mutanen can sukan cire ta tun zanenta yana da sauran zurfi, domin in ya ragu zuwa milimita huɗu ba ta ƙara amfani a ƙanƙara. Sai a gan ta a kasuwa da haƙora cif-cif, ga taushi in an danna da yatsa, ga araha, a ɗauka an yi tsintuwa. Kyan ɗan maciji ke nan.

Ana gane ta da abu uku: yawan 'yan tsaga-tsagan nan masu kama da zanen zartò a kan kowane haƙori, da 'yan ramukan ƙusoshi in irin mai ƙusa ce, da kuma kalmomin Turanci na sanyi da ƙanƙara da akan rubuta a gefenta, irin su WINTER da SNOW da ICE. Akwai kuma hoton dutse mai kai uku da ƙwayar ƙanƙara a cikinsa, wanda aka fara amfani da shi a 1999. Sai dai a lura, wasu tayoyin kowace hanya masu kyau su ma suna ɗauke da wannan hoto, saboda haka shi kaɗai bai isa a ƙi taya ba, sai an haɗa da sauran alamun. Haruffan M+S kuwa, ma'anarsu laka da ƙanƙara, suna jikin yawancin tayoyin jif, ba su kuma nuna cewa tayar ta hunturu ce.

Ga 'yan Nijeriya da aiki ko karatu ya kai su ƙasashen sanyi, al'amarin a juye yake. Can tayar kowane lokaci tana isa ne kawai inda ƙanƙara ba ta da yawa. Inda take kwanciya wata da watanni, lalle ne a nemi mai hoton dutsen nan, a sa guda huɗu gaba ɗaya, a kuma tambayi dokar garin tun kafin hunturu ya kama.

KARATUN JIKIN TAYA

Kowace taya tana ɗauke da bayaninta a gefenta, wanda ya iya karanta shi kuwa ba a cutarsa. A ɗauki misalin rubutun da akan gani a jikin tayar manyan jif da yawa: 265/65 R17 112H.

Lamba 265 ita ce faɗin taya a milimita. Lamba 65 tana nufin tsawon gefen taya kashi 65 ne cikin ɗari na faɗinta, watau wajen milimita 172. Harafin R yana nuna irin saƙar wayoyin cikinta, wadda kamfanin Michelin ya ƙirƙiro a 1946, kusan dukan tayoyin mota na yau kuma irinta ne. Lamba 17 ita ce faɗin wilin da za ta hau, a inci. Lamba 112 alama ce ta nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka, a nan kilo 1,120. Harafin ƙarshe kuwa iyakar gudun da za ta jure ne: S kilomita 180 a sa'a, T 190, H 210, V 240.

Waɗannan haruffa ba izinin gudu ba ne. Dokar hanya ta Nijeriya ta ƙayyade wa motar gida kilomita 50 a sa'a cikin gari, 80 a kan babbar hanya, 100 a kan tagwayen hanyoyi. Amfanin harafin shi ne, taya mai babban harafi galibi ta fi jure zafi.

Girman tayar da ya dace da kowace mota yana rubuce a wata 'yar takarda da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, da kuma cikin littafin motar. Kada a sayi taya mai lambar nauyi ko harafin gudu ƙasa da abin da ke rubuce a wurin, ko da ta shiga wili daidai. Haka kuma sa wa jif babban wili da taya mai siririn gefe don ado ba dabara ba ce a ƙasa mai ramuka, domin gefen nan shi ne matashin da ke kare wili.

Yawancin tayoyi suna ɗauke da wani awo kuma. Kusa da kalmar TEMPERATURE akwai harafin A ko B ko C, mai nuna juriyar zafi. A ce gaba. Kusa da kalmar TRACTION akwai AA ko A ko B ko C, mai nuna kama birki a jiƙaƙƙen titi. Mai mota a Abuja ya nemi A a juriyar zafi in da hali, in bai samu ba B, ya kuma guji C.

SHEKARUN TAYA

Taya tana tsufa ko ba a mora ta ba. Iska da rana da zafi suna busar da roba, su raunana damƙin da ke tsakaninta da wayoyin ƙarfen da ke ciki. Wannan lalacewa daga ciki take farawa, ido ba ya ganinta sai ta yi nisa.

Ranar da aka yi taya tana jikinta. A nemi haruffan DOT, a bi jerin da ke gabansu har ƙarshe, za a tarar da lambobi huɗu, galibi cikin wani ɗan da'ira mai tsawo. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2423, ma'ana an yi ta a mako na 24 na shekarar 2023, watau cikin watan Yuni. In lambobin uku ne kaɗai, to, an yi tayar tun kafin shekarar 2000, ba ta da sauran amfani a kan hanya. Sau da yawa lambar tana gefe ɗaya ne kawai, saboda haka in ba a gan ta ba a juya tayar.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗin masu motoci cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar da aka yi ta, jami'anta kuma suna duba wannan a kan hanya. Wasu manyan kamfanonin taya na duniya sukan ce a riƙa kai ta ga gwani yana dubawa kowace shekara bayan ta cika biyar, kada kuma ta wuce goma ko yaya take. Amma zafi yana gaggauta tsufan roba, mai mota a Nijeriya kuwa ma'aunin hukumar ƙasarsa shi ne abin binsa. Abin lura a nan shi ne, wanda ya sayi sabuwar tayar da ta shekara biyu a sito ya biya kuɗin shekara huɗu ne ya karɓi biyu.

LISSAFIN ARAHA

Kuɗin taya na gaskiya ba shi ne abin da aka biya a shago ba, a'a, abin da kowace kilomita ta ci ne. Ga misali domin koyon lissafin. A ce an sayi sabuwar taya Naira 120,000, ta yi tafiyar kilomita 48,000 kafin ta suɗe. Kowace kilomita ta tashi Naira biyu da rabi. A ce kuma an sayi ta gwanjo Naira 45,000, ta yi kilomita 12,000. Kowace kilomita ta tashi Naira uku da kwabo saba'in da biyar. Wadda aka ɗauka ita ce mai araha ta fi tsada da rabi, ba a ma sa kuɗin faci da ɓata lokaci a bakin hanya ba. Kowa yana iya sa farashin da ya tarar a kasuwa ya yi wannan lissafi da kansa.

Ban da haka, tayar gwanjo ba a san tarihinta ba. Ba a san ramin da ta faɗa ba, ko tsawon tafiyar da ta yi ba iska. Saboda wannan ne tsofaffin tayoyin mota suke cikin jerin kayan da Gwamnatin Tarayya ta hana shigowa da su, in ban da wasu manya na tireloli da ake kawowa domin a sabunta zanensu a masana'anta.

Araha ta halal tana nan, ga hanyoyinta. Tsakanin tayoyi masu manyan sunaye da na ƙasa-ƙasa waɗanda ba a san mai yin su ba, akwai na tsaka-tsaki da sanannun kamfanoni ke yi, masu cikakken rubutu a jiki, a nan mai ƙaramin ƙarfi zai nemi tasa. Sa'an nan kada a sayi tayar da ta fi bukata. Har wa yau, gara a fara tanadin kuɗi tun zane yana da saura, a sauya kafin damina ta faɗi, da a jira sai taya ta fashe a hanyar Lakwaja da dare a sayi abin da aka samu a kan farashin da aka faɗa.

In kuɗi bai kai na huɗu ba, a sayi biyu iri ɗaya, a sa su a ƙafafun baya, ko da motar da gaba take ja. Dalili kuwa, in gaba ya sulɓe direba yana iya gyarawa da sitiyari, amma in baya ya sulɓe mota juyawa take yi. Sai dai jif ɗin da ke ja da ƙafa huɗu kullum tana bukatar tayoyi huɗu masu girma ɗaya da zurfin zane kusan ɗaya, in ba haka ba giyarta ce za ta biya bashin.

A WURIN CINIKI

Ko a Apo ne, ko Zuba, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko shagon babban dillali, ƙa'idar ɗaya ce. Mai saye ya duba kowace taya da kansa, da rana, kafin a ɗaura ta.

1. Ya karanta girma da lambar nauyi da harafin gudu, ya gwada da na ƙofar motarsa.
2. Ya karanta ranar da aka yi ta, ya shafa wurin da yatsa. In ya ji alamar kankara ko liƙi, ya bar ta.
3. Ya duba bakin tayar da ke zama a kan wili. Wasu masu shigo da kaya sukan cusa taya cikin taya domin su rage kuɗin jirgi da na kwastan, wannan kuwa yana lanƙwasa wayar baki. Hukumar Kula da Ingancin Kaya ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1971, ta sha kama irin waɗannan.
4. Ya leƙa cikinta ya nemi faci, ya duba gefe ya nemi kumburi ko tsattsagewa irin ta faso.
5. Ya lura da zane. Akwai masu sassaƙa suɗaɗɗiyar taya da wuƙa mai zafi, su shafe ta da baƙi ta yi ƙyalli. Zanen hannu ba ya yin daidai, wani lokaci har waya takan leƙo a ƙasansa.
6. Ya karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago da irin tayar da ranar da aka yi ta. Da shi ne zai iya kai kuka ga Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye in an cuce shi.

KULA DA TAYA BAYAN SAYE

Babban abin da ke kashe taya shi ne ƙarancin iska. Tayar da ba ta cika ba tana lanƙwashewa a kowane juyi, lanƙwasar tana haifar da zafi, zafin kuma yana raba roba da waya. Duniya ta ga misalin wannan a fili. A watan Agusta na 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan shida da rabi a Amurka, yawancinsu a kan motar jif ƙirar Ford Explorer, bayan da aka ga zanensu yana ɓallewa ana cikin gudu, motoci suna kifewa, aka kuma yi hasarar rayuka da yawa. An fi samun abin a wurare masu zafi, irin su kudancin Amurka da Saudiyya da Benezuwela. Bincike ya nuna akwai aibi a ƙirar tayoyin, zafi da ƙarancin iska da nauyin kaya kuma suka tsananta shi. A dalilin haka ne Amurka ta wajabta sa na'urar gargaɗin iska a sababbin motoci daga 2007. Darasin ya shafi Abuja kai tsaye, domin zafin iri ɗaya ne.

Saboda haka a auna iska aƙalla sau ɗaya a wata, da kuma kafin kowace doguwar tafiya, da safe tun taya tana da sanyi. Awon da za a bi shi ne na takardar ƙofa, ba wanda ke jikin taya ba, domin na jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ne. Kada a dogara da bugun taya da ƙarfe ko da ƙafa. Geji ba shi da tsada, ya kamata kowane mai mota ya mallaki nasa, domin na masu faci da yawa sun gaji. In taya ta yi zafi a hanya awonta yakan ɗan hau, wannan ba laifi ba ne, kada a rage mata iska. Safaya ma a riƙa auna ta, a kuma duba shekarunta.

A riƙa sauya wa tayoyi wuri bayan kowace kilomita 8,000 zuwa 10,000 domin su cinye daidai. In gefe ɗaya ya fi cinyewa, ko sitiyari yana ja ko yana rawa, a kai mota a daidaita ƙafafunta. Sabuwar tayar kwalta takan zo da zane mai zurfin wajen milimita takwas. A cikin magudananta akwai 'yan tudu da aka sa da gangan. In zane ya yi daidai da su, saura milimita 1.6 ke nan, tayar ta ƙare. Amma a ƙasa mai ruwa kamar Abuja hikima ita ce a sauya tun yana milimita uku, domin in magudanai suka yi ƙaranci ruwa yakan shiga tsakanin taya da kwalta, mota ta yi ta tafiya a kan ruwa, birki da sitiyari duk su daina aiki.

Huda a tsakiyar zane tana gyaruwa in an cire tayar an yi faci daga ciki. Yanka ko kumburi a gefe kuwa ba su da magani sai sauyi.

In kuwa taya ta fashe ana cikin tafiya, direba ya riƙe sitiyari da hannu biyu, kada ya taka birki da ƙarfi, ya sassauta totur a hankali har mota ta rage gudu da kanta, sa'an nan ya gangara gefe, ya kafa alamar nan mai kusurwa uku nesa da bayan motar. Lambar kiran gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122.

KAMMALAWA

Mai jif a Yankin Birnin Tarayya ya zaɓi taya gwargwadon hanyar da yake bi, ya tabbata an yi ta domin zafi da ruwa ba domin ƙanƙara ba, ya karanta ranarta, sa'an nan ya yi ciniki. Kuɗin taya huɗu yana da nauyi, babu mai musun wannan. Amma a cikin motar akwai iyali, a kan hanyar kuma akwai 'yan makaranta da masu babura waɗanda ba a yi shawara da su ba ranar da aka je kasuwa. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne tambayoyi uku ne suka kamata su riga tambayar farashi?
2. Mene ne bambancin tayar H/T da A/T da M/T, wa kuma kowace ta dace da shi?
3. Me ya sa tayar hunturun Turai take da haɗari a Abuja, ta yaya kuma ake gane ta?
4. A wane mako da shekara aka yi tayar da ke ɗauke da lamba 0824?
5. In sababbin tayoyi biyu kaɗai aka saya, ina za a sa su, saboda me?
6. Me direba zai yi in taya ta fashe yana cikin gudu?